Igiya Mai Ƙugiya Dubu: Tarihin Kalmomin Masuntan Terre-Neuve

Ma'aikacin yaƙi da jahilci da aka ɗora wa shirya ɗan littafi a kan sana'ar su, ko juya wata takarda ta ma'aikatar ruwa da dazuzzuka zuwa Hausa, ba ya yin nisa sai ya ci karo da kalmar palangre. Abin da takardun Faransanci ke nufi da ita shi ne doguwar igiya wadda aka ɗaura wa gajerun igiyoyi a jere, kowace da ƙugiya a bakinta; a sa wa ƙugiyoyin abinci, a shimfiɗa igiyar cikin ruwa, a bar ta ta kwana ko ta yini, sa'an nan a zo a janye ta da abin da ta kama. Da yake kalmar ita kaɗai ce ke yawo cikin rahotanni, mai fassara yakan zaci ita ce sunan da kowane masuncin Faransa ya gada daga kakanninsa. Tarihi bai nuna haka ba. Jiragen da suka fi shahara da irin wannan su a ƙasar Faransa, wato masu zuwa Terre-Neuve, da waɗansu kalmomi dabam mutanensu suka yi aiki. Yawancin kalmomin nan sun mutu tare da jiragen, kaɗan sun tsira cikin ƙamus, ɗaya kuwa ta shiga yarjejeniyar da ta gyara iyaka a tsakiyar ƙasar Hausa.

Ita palangre ƴar Bahar Rum ce. Daga bakin masuntan Provence da na Kataloniya Faransanci ya karɓe ta. Masu ƙamus sun rabu biyu a kan tushenta: waɗansu sun kai ta ga wata kalmar Girkanci mai ma'anar "mai ƙugiya da yawa", waɗansu kuma ga wata mai ma'anar "babban taru". Bayan annobar da ta faɗa wa birnin Marseille a 1720, masuntan Kataloniya suka zo suka zauna a bakin garin da dogayen igiyoyinsu, aka yi shekaru da yawa ana rigima tsakaninsu da masuntan gari, har gaban hukuma. A arewa kuwa, gaɓar Normandi da maƙwabtanta, cordes ake cewa, wato "igiyoyi" kurum, jirgin da ke aiki da su a ce masa cordier. Ƙugiyar ma da littafi ke kira hameçon, masunci haim ya san ta. Duhamel du Monceau, wanda ya fara fitar da babban littafinsa a kan sana'o'in su a 1769, ya rubuta kalmomin sassan biyu, kowace da yankinta. Daga baya ne harshen ofis ya zaɓi ta kudu ya ɗora ta bisa kowa.

Daga igiyar hannu zuwa igiya mai barci

Terre-Neuve, wato "Sabuwar Ƙasa", tsibiri ne a gabashin Kanada. Kudu maso gabas da shi akwai wani faffaɗan tudu a ƙarƙashin teku, inda zurfin ruwa a wurare da yawa bai wuce mita 100 ba. Shi ake kira Grand Banc. A nan ne ruwan sanyi mai gangarowa daga Labrador ke gamuwa da ruwan ɗumi mai tahowa daga kudu, gamuwar kuwa ita ke kawo kifi mai yawa, ita kuma ke kawo hazo mai kauri. Kifin shi ne morue, farin kifi marar mai sosai, wanda ke karɓar gishiri ya daɗe bai lalace ba. Kiristocin Turai na wancan zamani suna da ranaku masu yawa cikin shekara da ba a cin nama, saboda haka kasuwarsa ba ta faɗuwa. Tun farkon ƙarni na 16, ƴan shekaru bayan tafiyar John Cabot ta 1497, jiragen Normandi da Bretagne da ƙasar Basque suke ƙetare tekun Atlantika don nemansa.

Kifin da suke kawowa iri biyu ne. Akwai morue sèche, wanda ake sauka da shi gaɓar tsibirin a shanya bisa duwatsu har ya bushe. Akwai morue verte, wanda ake tsagawa a zuba masa gishiri cikin jirgi, a kawo shi gida da laimarsa. Kalmar verte a aji "kore" take nufi, amma babu kore a jikin kifin nan; ɗanye ake nufi, wanda bai ga rana ba. Hausa ma ta haɗa ma'anonin biyu a "ɗanyen ganye" da "ɗanyen haki", to mai fassarar da ya rubuta "koren kifi" ya bar abin da ke cikin gidansa ya tafi aro.

Fiye da shekara 250 ana kama wannan kifi da igiyar hannu. Jirgi yana tafiya a hankali inda iska da ruwa suka kai shi, kowane masunci yana tsaye cikin wata gangar katako da aka ɗaure a gefen jirgin don kada ya faɗa ruwa, igiya ɗaya a hannunsa da darma a bakinta. Duk kifin da ya ciro sai ya yanke harshensa ya ajiye, da dare a ƙirga harsuna a san rabon kowa. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka sake dabara, ana kuwa danganta canjin ga wani kyaftin na garin Dieppe mai suna Sabot. Jirgi ya daina yawo, ya jefa anga ya tsaya, aka riƙa aika ƙananan jirage su shimfiɗa dogayen igiyoyi a ƙasan ruwa. Masunta suka sa musu suna lignes de fond, "igiyoyin ƙasa", ko lignes dormantes, "igiyoyi masu barci", da yake kwana suke yi a ruwa ba mai riƙe da su.

Ƙananan jiragen farko, chaloupes, masu nauyi ne, kowane yana cin mutane da dama, in ɗaya ya nutse an yi hasarar babban kashi na ma'aikatan jirgi ke nan a dare ɗaya. Cikin shekarun 1870 Faransawa suka kwaikwayi masuntan Amurka da ke su a wannan tudu, suka karɓi wani ɗan kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa mita 5 zuwa 6, wanda ake cire masa mazaunai a jera shi cikin ɗan'uwansa kamar ƙwarya cikin ƙwarya. Da abin da sunansa suka ɗauko, suka ce doris. Ba a daɗe ba kalmar ta haihu: mai aiki a cikinsa ya zama dorissier. Mutum biyu ne a kowane doris, patron mai shugabanci da avant mai zama a gaba. Babban jirgi yakan ɗauki doris 10 zuwa 12, ya tashi daga Fécamp ko Saint-Malo ko Granville a watan Fabrairu ko Maris, ba ya komowa sai kaka.

Kowane sashe na igiyar da sunansa. Doguwar ita ce ligne mère, "uwar igiya". Gajerar da ke riƙe da ƙugiya ita ce empile ko avançon. Wadda ke tashi daga anga zuwa alamar da ke bisa ruwa orin ce. Kwandon da ake naɗe igiya a ciki manne ne. Uwar igiyar ma guntu-guntu take, kowane guntu a ce masa pièce, doris guda yana ɗaukar wajen 24, waɗanda in an haɗa su tsawonsu yakan kai kilomita 3, ƙugiyoyinsu kuwa 1,500 zuwa 2,000. Ma'aunin tsawo shi ne brasse, daga bras, hannu: buɗin hannu biyu, abin da Bahaushe ke kira gaba. Sai dai gabar Faransa ƙafa 5 ce ta tsohon ma'auninsu, wato mita 1.62, ta Ingila kuwa ƙafa 6, wato mita 1.83. Jiki ɗaya aka auna, hukuma biyu suka tsai da shi, aka sami lissafi biyu. Wanda ya juya tsohuwar takardar Faransa da ma'aunin Ingila zai ƙara wa kowace igiya abin da ya fi kashi ɗaya cikin goma.

Da yamma ake shimfiɗa igiya. Kowane doris yana da fuskarsa ta kamfas da aka ba shi ta hanyar ƙuri'a, su watsu daga jirgi ta kowace kusurwa don kada igiyoyi su sarƙe. Da asuba a koma a janye da hannu, aikin da ke cin awa da yawa cikin sanyi, a kawo kifi a jefa bisa jirgi ana ƙirgawa, da yake bisa yawan kifi ake biyan mutum. Bayan haka a zauna a warware igiya, a gyara ƙugiyar da ta miƙe, a sake sa abinci ɗaya bayan ɗaya. In hazo ya sauko doris yana waje, jirgi ya yi ta busa ƙaho yana kaɗa ƙararrawa. Wanda bai ji ba an ce yana en dérive, ruwa yana tafiya da shi. Waɗansu wani jirgi ya tsince su bayan kwanaki, da yawa ba a sake ganinsu ba, sunayensu na nan a bangon majami'un garuruwansu.

Bisa jirgin kuma kifi yana bin hannaye a jere. Piqueur ya farke ciki, décolleur ya cire kai, trancheur ya tsaga shi ya zare ƙashin baya, yara su wanke jini, saleur yana can cikin cikin jirgi yana jerawa yana barbaɗa gishiri. Tsagar aikin gwani ce, sau da yawa kyaftin ko mataimakinsa ke yin ta, mai gishiri kuwa a hannunsa dukiyar wata shida take, don in ya rage kifi ya ruɓe, in ya cika kifi ya ƙone. Duk sunayen nan daga aikatau aka ciro su. Hausa tana da hanya biyu ta yin haka, ko ta bi tsarin masunci da mahauci, ko ta sa "mai" gaban sunan aiki. Ta biyu ta fi lafiya a nan, don wanda ya bi ta farko da "farka" zai faɗa cikin mafarki.

Boëtte

Kalmar da ta fi dukansu nauyi ita ce sunan abincin ƙugiya. Faransancin littafi appât yake cewa. Masuntan Terre-Neuve boëtte suke cewa, sa shi a ƙugiya kuwa boëtter. Daga harshen Breton ta fito, inda boued ke nufin abinci. Harshen nan na ƴan ƙauyen yammacin Faransa ne, makarantar gwamnati ta daɗe tana horon yaron da ya yi magana da shi a aji, amma ƙauyawan su ne masu hawa doris, kalmarsu ce ta zauna.

Lissafin a fili yake. Doris 12, kowane da ƙugiya fiye da 1,500, kowace ƙugiya tana bukatar abinci kullum: jirgi ɗaya yana neman loma wajen 20,000 a yini. Igiyar hannu ba ta taɓa bukatar haka ba. Faransawa sun dogara ga mutanen kudancin Terre-Neuve, talakawan Ingila, waɗanda ke kawo musu ƙananan kifaye irin su hareng da capelan su sayar a tsibirin Saint-Pierre, mallakar Faransa. A lokacin gwamnatin Faransa tana ba masu jiragenta tallafin kuɗi bisa kifin da suka fitar waje, abin da ya sa kifinsu ya fi na Terre-Neuve araha a kasuwannin kudancin Turai. Ƴan kasuwar Saint-Jean, babban birnin tsibirin, suka ga inda za su kama su. Majalisarsu ta yi dokar hana sayar da abincin ƙugiya ba tare da izini ba, Landan ta amince da ita a 1887, ta fara aiki a 1888.

Dokar ta cuci masu sayarwa kamar yadda ta cuci masu saye, fasa-ƙwauri kuma ya yi yawa. Faransawa suka nemi mafita a ƙasan tudun da suke kai. Akwai wani dodon koɗi na teku da suke kira bulot. Suka riƙa zo da naman doki mai gishiri daga gida, su sa cikin ƴan kwanduna masu raga su saukar, dodon koɗin ya taru a kai, a jawo. Sai a farfasa ɓawon da guduma a soka tsokar a ƙugiya. Ɓawon yana yanka hannu, ruwan gishiri yana shiga ciwon, warin nama yana cika jirgi. Amma jirgi ya sami ikon zama bisa tudu wata da watanni bai je Saint-Pierre ba.

Akwai wata rigimar da ta fi wannan tsufa. Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta ba Ingila tsibirin, ta bar wa Faransawa haƙƙin kama kifi da shanya shi a wani yanki na gaɓarsa, muddin ba su gina komi ba sai rumfuna da dakalin shanya. Cikin shekarun 1880 aka fara kafa masana'antun sa homard cikin gwangwani a wannan gaɓa. Homard wata halitta ce mai ɓawo da almakashi, dangin ƙaguwa da jatan lande. Nan gardama ta tashi a kan ko homard kifi ne. Ingilawa suka ce yarjejeniyar kifi ta ambata, homard kuwa ba kifi ba ne, masana'anta kuma ba rumfar shanya ba ce. Faransawa suka ce duk abin da aka ciro daga teku yana cikin kalmar. Manyan dauloli biyu da jiragen yaƙinsu suka yi shekaru a kan ma'anar kalma guda, har aka yi sulhun wucin gadi a 1890, ana sabunta shi.

Ranar 8 ga Afrilu 1904, a Landan, Lord Lansdowne da jakadan Faransa Paul Cambon suka sa hannu a kan takardun sasanta ƙasashen biyu. Ɗaya daga ciki ta shafi Terre-Neuve da Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a haɗe. Faransa ta saki gatanta na gaɓar, aka bar wa masuntanta damar su daidai da ƴan ƙasa. Masu rubutun sun koyi darasi, don wannan karo sai da suka faɗi a fili cewa damar ta haɗa da kowane irin kifi, da boëtte, da halittu masu ɓawo. Kalmar ƙauyen Bretagne ta zauna ke nan cikin takardar daula. Takardar ta kuma ce Faransa ta cancanci diyyar ƙasa. Aka ba ta tsibiran Los da ke gaban Konakiri, aka gyara mata iyaka a Gambiya, aka kuma sake layin da ke tsakanin kogin Kwara da tabkin Cadi.

Layin da aka sake shi ne na yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, inda aka kafa tsinin alƙalami a Sakkwato aka zagaya da nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, daga nan aka bi layin awo zuwa gabas. Wannan zane ya bar Dogondutsi da Birnin Ƙwanni da Madawa da Maraɗi a ɓangaren Ingila, ya tilasta wa ayarin Faransa mai zuwa Damagaram daga bakin kogi ya bi ta arewa, ta Filinge da Tawa, ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Abin da Faransa ke nema shi ne hanya mai ruwa. Ta same ta a 1904, aka daidaita bayanin layin a 1906, ayarin Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ba a nemi shawarar Sarkin Katsina na Maraɗi ko Sarkin Gobir na Tsibiri ba. Da wuya a ce kifi kaɗai ya jawo wannan, tun da ranar nan aka kuma yi cinikin Masar da Maroko. Amma a rubuce, gyaran iyakar nan diyyar gaɓar shanya kifi ce. Yaron Maraɗi da ke haɗuwa da palangre a makaranta maimakon kalmar Ingilishi, nan mafarin abin yake.

Abin da ya saura

Jiragen tururi masu jan taru a ƙasan ruwa sun fara zuwa tudun tun farkon ƙarni na 20, su kuwa ba su bukatar doris ko boëtte. Jirgin iska na ƙarshe daga Fécamp, Léopoldine, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1931, na Saint-Malo, Lieutenant René Guillon, a 1951. Mutanen Fotugal sun riƙe doris har 1974. Taru ya ci tudun har kifin ya kusa ƙarewa, Kanada ta rufe sun morue na arewa ranar 2 ga Yuli 1992, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki. Dorissier da décolleur sun koma gidan tarihi na Fécamp.

Su da doguwar igiya kuwa bai mutu ba, hannu ya sake. Kamfanin Mustad na ƙasar Norwe, wanda ya sami injin ƙera ƙugiya a 1877, ya fito cikin shekarun 1970 da injin da ke sa abinci a ƙugiya da kansa yayin da igiya ke fita. Jiragen Japan masu neman kifin tuna sun shiga tekun Indiya a 1952, suka iso Atlantika kafin ƙarshen shekarun 1950, da igiya mai tsawon kilomita 100 ko fiye. Inda Bafaranshe ya ga uwa, su itace suka gani: doguwar igiyar mikinawa ce, igiyar kututture, gajerar kuwa edanawa, igiyar reshe. Guntun da ke tsakanin alama da alama suna ce masa hachi, sunan abin da ake naɗe shi a ciki. Jirage da yawa sun koma naɗe igiya a babban ƙwarƙwaro na inji, amma a takardun lissafi an ci gaba da rubuta yawan ƙugiya "a kowane kwando". Lambar nan kuwa tana da aiki. Cikin shekarun 1970 jiragen suka ƙara ta daga 5 ko 6 zuwa fiye da 10, igiya ta ƙara lotsawa tsakanin alamu, ƙugiya ta kai ga kifin da ke zurfi. Mai binciken da bai san ma'anar "kwando" ba zai ga kamu ya sake ya ce kifin teku ne ya sake.

A Ingilishi ma akwai irin wannan tarko. Masuntan Gloucester ta Amurka da na Terre-Neuve trawl suke ce wa doguwar igiya mai ƙugiya, alhali a Ingila trawl shi ne tarun da ake ja, wato abin da ya kashe sana'ar igiyar.

Mamari

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da masunta masu tafiya nesa da kasuwa a zuciya. P. G. Harris ya yi rubutu a kan masuntan Kabi a 1942, Jean Rouch kuma a kan Sarkawa masu yawon su a kogin Kwara a 1950. Kayan aikinsu kowane da sunansa: birgi, kalli, taru, homa, gura, zago. A ɓangaren ƙugiya akwai fatsa, wadda ake riƙewa da hannu, akwai kuma mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere. A rahotannin binciken su na arewacin Nijeriya ana samun rinca a matsayin sunan doguwar igiyar. Zaren nailan da ƙugiyoyin kamfani, waɗanda ake saye kwali-kwali bisa lamba, sun sa igiyar ta ƙara tsawo da araha tun daga shekarun 1960.

A tabkin Cadi darajar ƙugiya ta ƙaru da janyewar ruwa. Tabkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya rabu biyu da farin 1973, kwarin arewa, inda rabon Nijar yake, ya yi ta ƙafewa cikin shekarun da suka biyo. Buɗaɗɗen ruwa ya zama fadama mai ciyawa da itatuwa, kifayen sarari suka ragu, tarwaɗa da gaiwa da karfasa suka yi rinjaye. Cikin irin wannan ruwa raga sarƙewa take yi, sai igiya da gura suka ɗauki yawancin aikin bandar da ake kai wa kasuwannin Nijeriya.

Abin da zai zo wa mai fassara da sauri shi ne ya rubuta mamari duk inda ya ga palangre. A nan ake bukatar taka-tsantsan. A bakin masunta da yawa na kogi, mamari igiya ce wadda ba a sa mata abinci: ƙugiyoyinta kusa-kusa suke, ana shimfiɗa ta dab da ƙasa, kifin da ya zo wucewa ta kama shi a gefe ko a wutsiya, musamman kifi marar ɓamɓaroki irin tarwaɗa. Igiya mai abinci kuwa ƙugiyoyinta da tazara, a baki take kamawa, mai ita yana zaɓen kifinsa ta wurin abin da ya soka, ko tana ko ɗan ƙaramin kifi, da kuma lambar ƙugiyar. Kayan aiki biyu ne masu kama da juna a ido, amma ba kifi ɗaya suke ci ba, ba wahala ɗaya gare su ba, ɓarnarsu ma ba ɗaya ba ce. Jerin sunayen kayan su na ƙasa da ƙasa da hukumar FAO ke aiki da shi tun 1980 ya raba dogayen igiyoyi bisa wani abu dabam, wato ko an kafe igiyar ko an bar ta tana bin ruwa. Rabon ya dace da teku. Bambancin da masuncin Gaya ya fi kula da shi ba ya cikinsa, takardar ƙididdigar da aka kwafo daga can ba ta da gurbin rubuta shi.

Nijar ta yi dokar su a 1998, kowace doka irin wannan kuwa sai an bayyana ta da harshen masunci kafin ta yi aiki a bakin ruwa. In wani sharaɗi ya shafi igiya marar abinci kaɗai, aka juya shi da kalmar da a wani gari take nufin kowace igiya, an hana mutum halal ɗinsa. In aka yi akasin haka, an buɗe ƙofar da aka so rufewa. Gardamar homard ke nan a ƙaramin wuri, sai dai a nan ba jakada ke tsaye ba, ma'aikacin daji ne da masunci da igiyar da za a ƙwace.

"Uwar igiya" tana zama daram a Hausa, harshen da ya riga ya san dutsen niƙa da ɗansa. Gaba tana nan a matsayin ma'auni, muddin littafin ya faɗi mita nawa ya ɗauke ta. Amma kafin a ƙirƙiro suna ko ɗaya ga gajerar igiya, ko alamar bisa ruwa, ko dutsen da ke riƙe da bakin igiya, ko abincin ƙugiya, ya kamata a ji abin da masu sana'ar ke cewa. Tambayar "yaya ake ce wa palangre da Hausa?" ba ta kawo komi sai kalmar da wanda aka tambaya ya ga mai tambaya yana so. Hanyar da ta fi ita ce a shimfiɗa igiyar a gaban tsohon masunci, a bi ta ƙulli-ƙulli yana faɗin sunaye, a rubuta har aikatau: abin da yake cewa in zai sa ta a ruwa, in zai dubo ta, in zai naɗe ta. Kowace kalma a rubuta garinta, da asalin mai faɗinta, ko Basarke ne ko Bakabe ko manomin da ya koyi su a tabki, da ko igiyar mai abinci ce ko marar abinci. Gaya ba za ta ba da abin da Madarumfa ko Tabalak ko Gidimuni za su bayar ba. Na tabkin Cadi su suka fi gaggawa. A watan Mayu na 2015, bayan hare-haren Boko Haram, hukuma ta kwashe mazauna tsibiran ɓangaren Nijar, masunta da yawa suka watsu zuwa Ngigmi da Bosso da Diffa, waɗansu suka ƙetare zuwa Nijeriya, da dama daga cikin tsofaffinsu kuwa igiyar ta riga ta bar hannunsu.